Uwar Faifan Cikgu Embong

Yayana Embong bai iya gyaran komai ba. In ƙusa ta fita daga kujera a gidanmu, sai dai a zauna a ƙasa har Allah ya kawo wani mai hannu. Shi ya sa da ya sayar da babur ɗinsa a shekarar 1984, ya tafi Singapore, ya dawo Kuala Terengganu da kwalaye uku, duk muka ɗauka talabijin ya sayo wa mahaifiyarmu. Mak har ta sa an share mata gurbi a saman kabad. Da aka buɗe sai ga wani abu mai kama da keken rubutu, da ɗan allo na gilashi, da wani akwati mai tsaga a gaba. Mak ta tambaya ko yana nuna labaran ƙarfe takwas. Ya ce a'a. Ta tambaya to me yake nunawa. Ya ce ba ya nuna komai sai abin da ka gaya masa. Mak ta ce ai ko ni, 'yarta Gayah, ina yin wannan, kuma ba a sayar da babur a kaina ba.

Malamin lissafi ne a firamare. Gari duka na kiransa Cikgu Embong, wato Malam Embong, ni kuwa Abang Long nake ce masa don shi ne babbanmu. Matarsa ta rasu wajen haihuwar fari, ita da jaririn, ya kwaso kayansa ya dawo gidan Mak, bai sake maganar aure ba. Ni ma a gidan nake, don mijina aikin jirgin ruwa yake, sai ya yi wata uku bai leƙo ba. Ina da rumfa a ƙofar gida inda nake soya keropok, wato kwaɓin kifi da gari, kuma daga bakin kaskona ina hango teburinsa ta taga.

Kwamfutar ƙirar Taiwan ce, ba ta da wani suna na kirki. In ya kunna ta sai ta yi ƙara ɗaya siririya, akwatin faifai ya ɗauki ƙugi kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sannan wata 'yar alama koriya ta fito a kusurwar allo tana ƙiftawa. Nan ne daɗinsa yake. Sai ya jingina da kujera ya ce in duba, jiransa take, ba za ta motsa ba sai ya yi magana. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita a faifai ɗaya take kwance, faifai mai laushi cikin baƙar riga ta takarda. Ya bi ta layi-layi har ya san ta ciki da bai. Yakan ce a duk rayuwarsa ita kaɗai ce ke yin abin da aka ce mata ba ƙari ba ragi, in kuma an samu kuskure to naka ne. Na ce masa wannan ba yabo ba ne, ƙorafi ne a kan ɗalibansa da ƙanwarsa.

Kafin shekara ta zagayo sun zama ƙungiya. Kowace Juma'a bayan la'asar suna haɗuwa a ɗakinmu na gaba. Wasu su zo sau biyu su ɓace, amma mutum biyu ba sa fashi. Akwai Tauke Teo, mai gyaran rediyo a unguwar Kampung Cina, dattijo mara magana wanda kullum rigarsa ke warin dalma. Akwai kuma Latif bin Jusoh, akawu a wani ofishin gwamnati, sa'ana ne ko ya gaza ni da shekara ɗaya. Latif ya iya bakinsa. Ranar farko ya kira mahaifiyarmu Mak Cik, wato gwaggo, rana ta uku ya koma Mak, daga nan kuma kan kifi ya daina zuwa farantina ya koma nasa. Ban ji haushi ba a lokacin, don ni ma yana ba ni dariya. Shi kaɗai ne a cikinsu yake da akwatin faifai biyu, kuma mai biyu shi ne mai kwafi cikin sauƙi: ka sa asali a ɗaya, sabo a ɗaya, ka naɗe hannu.

Dokokinsu biyu ne, kuma Abang Long ne ya kafa su. Ta farko ita ce salsala. Duk abin da ɗan ƙungiya ya rubuta na kowa ne, ka ɗauka ka yi amfani ka gyara. Amma shafin farko da ke fitowa in an kunna yana ɗauke da sunan wanda ya fara aikin, kuma duk wanda ya ƙara wani abu sai ya sa sunansa a ƙasa. Ba a goge na sama. Ta biyu ita ce uwa. Kowane aiki yana da faifai guda da suke kira uwa, a rufe tsagar gefensa da salatif don kada a yi rubutu a kai, a sa a gwangwanin biskit da soyayyiyar shinkafa don ta sha danshi. Ba a kunna uwa, don kowace kunnawa goga ce. Daga gare ta ake fitar da 'ya'ya, su ake aiki da su. A ƙasarmu fumfuna na cin faifai kamar yadda take cin takalmi, saboda haka duk ƙarshen damina sai a kwafe uwa a sabon faifai, tsohuwar kuma a sa mata almakashi don kada wani ya yi kuskuren saka ta ta ɓata akwati.

Mak ce ta jawo babban aikin. Ita ba ta karanta boko, Jawi kawai ta sani, ajaminmu na Malay. Wata rana ta tsaya a bayansa tana kallon allon, ta ce a rubuta mata sunanta. Ya rubuta da boko. Ta ce ita ba ta ga sunanta ba, kuma injin da bai san alif ba jahili ne komai tsadarsa. Ta koma kicin ta manta. Shi bai manta ba.

Shekara uku ya yi a kai. Ya sayo takarda mai gida-gida ta lissafi, yana zana kowane harafi ɗigo-ɗigo da fensir, kuma kowane harafi siffarsa ta farkon kalma daban, ta tsakiya daban, ta ƙarshe daban. Kowane layin ɗigo sai ya mayar da shi lamba. Aikina shi ne karanta masa lambobin yana bugawa. Da rana tsaka in ciniki ya lafa sai in zo taga da takardar a hannu ina karantawa, ido ɗaya a kan kasko. In na tsallake lamba ɗaya harafi ya fito da karyayyen baya, sai ya ce, “Gayah, kin gurgunta mini shi.” In ce ya biya ni albashi in daina gurguntawa. Mafi wahala shi ne sa injin ya yi rubutu daga dama, don sai da ya shiga cikin babbar manhajar kanta ya juya mata hali. Tauke Teo kuma ya buɗe wani injin bugawa ya yi masa abin da shi kaɗai ya sani har ya yarda ya buga haruffan a takarda.

Ranar da ta yi aiki aka kira Mak. Ta goge hannu a zane, ta ɗora yatsa a kan gilashin ta bi daga dama: Lijah binti Awang. Ta ce rubutun bai kai na liman kyau ba amma ana karantawa. Sai ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. A shafin farko sunaye uku ne da koren Jawi: Embong bin Sulong, Teo Boon Huat, Rogayah binti Sulong. Na ce ya cire nawa, mai soya keropok me ya haɗa ta da salsala. Ya ce doka ce. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai, har in ba kowa nakan ce ya kunna in gani. Daga baya Latif ya ƙara dabarar sa lambar shafi da saurin bugawa, sunansa ya shiga na huɗu, kuma ya cancanci wurin.

A farkon 1988, da damina ta ɗauke, Latif ya zo da labarin an mayar da shi Kuala Lumpur. Aka haɗa sabunta uwa da bankwana rana ɗaya. Mak ta tashi tun asuba ta dafa nasi dagang, shinkafar kwakwa da miyar kifi, abincin da sai da salla take yi. Latif ya ɗauko akwatunansa biyu a kan keke, ya ce yau Cikgu ya huta, shi zai yi kwafin, ya zama aikinsa na ƙarshe a gidan. Abang Long ya buɗe gwangwani ya miƙa masa uwa, ya fita sayo ƙanƙara, ni kuma ina jera faranti. Da muka dawo Latif ya ce an gama, injin ya ce lafiya. Abang Long ya manna salatif a sabuwar, ya rubuta mata suna da hannunsa, ya rufe gwangwani. Ya ɗauki almakashi ya raba tsohuwar biyu. Muka ci abinci. Latif ya ƙara sau biyu, ya sumbaci hannun Mak yana hawaye, Mak ta ƙulla masa sauran a ganyen ayaba.

Daminar da ta biyo baya ta zo da ambaliya. Ruwa ya hau har cikin ɗaki. Mun ɗora kwamfutar a kan kabad ta tsira, amma akwatin faifai ya faɗa ruwa, 'ya'yan faifan duka suka jiƙe, takardun shekara uku suka zama kunu. Gwangwanin ne kawai Abang Long ya ɗora a ka ya fita da shi, ruwa har ƙirji. Tauke Teo ya yi wata biyu yana fama da akwatin ya kasa. Kayan gyara sun daina zuwa, shaguna sun koma wa wasu sababbin injuna da ba sa karanta irin faifanmu. Ta haka gidanmu ya zama akwai uwa, babu abin kunna ta.

Bayan shekara biyu wani malami ya kawo mana jarida. Ga hoton Latif cikin kwat yana karɓar lambar yabo, an ce shi ne ya ƙirƙiro manhajar Jawi da wani kamfanin ɗab'i ke buga littattafan makaranta da ita. Abang Long ya je har ofishin da aka ce suna da ita, ya roƙa aka kunna masa. An mayar da ita kan sabon inji, amma haruffan nasa ne, ya san kowane ɗigo. Shafin farko suna ɗaya ne, na Latif.

Na yi tsalle na dire na ce sai na je Kuala Lumpur na yaga masa kwat ɗin a gaban matarsa. Abang Long ya hana. Ya ce ban san birni ba. Wataƙila kamfanin ne ya ce suna ɗaya yake so. Wataƙila Latif ya yi gardama aka fi ƙarfinsa, ga iyali, ga haya. Ya ce yaron da ya ci abinci a hannun Mak ba zai yi haka da gangan ba, can ne aka matsa masa, kuma wata rana zai zo da kansa ya yi bayani. Ya rubuta masa wasiƙa biyu, babu amsa. Katin barka da salla dai yana zuwa duk shekara, bugagge, ba ko sa hannu, har shekarar da aka ƙara sarautar Datuk a gaban sunan. Mak har ta rasu tana tambayar ko Latif na cin abinci sosai a can. Ba mu taɓa gaya mata ba. Tauke Teo ma ya rasu a bayanta, a 1994, bai ce komai a kan maganar ba sai tsaki ɗaya da ya yi ranar da ya ga jaridar.

Duk lokacin da na tayar da zancen, amsar Abang Long ɗaya ce: uwa tana nan. Ba ya neman kuɗi, ba ya neman lamba. Yana so ne kawai wata rana a kunna faifan a gaban mutane su ga sunaye huɗu a jere, nasa a sama, shi ke nan. Da wannan ya rayu shekara ashirin da bakwai. Duk ƙarshen damina ya soya sabuwar shinkafa ya canja ta gwangwani, ya ɗaga faifan a hasken taga ya duba, ya mayar. Duk Juma'a bayan la'asar ya goge kwamfutar da tsumma, ya kunna ta ta yi ƙararta, 'yar alamar ta fito, ya zauna yana kallo. Ba ta iya komai ba tare da akwatin faifai ba sai ɗan lissafi, amma hakan ya ishe shi.

Sababbin kwamfutoci bai taɓa shiri da su ba. Da aka kawo su makaranta ya ce waɗannan ba jiranka suke ba, kai ne kake jiransu. Wayar da 'yata Norlia ta saya masa bayan ya yi ritaya kuwa gaba yake da ita. Ya ce ya kwanta ya bar ta da hali ɗaya, ya tashi ya tarar ta canja, ba ta nemi izinin kowa ba, kuma ba wanda zai iya gaya maka abin da ke cikinta. A da, in ji shi, mutum ɗaya mai haƙuri zai iya sanin injinsa gaba ɗaya. Nakan ce masa a da ma mutum ɗaya ne mai irin wannan haƙurin a duk Terengganu, kuma ga inda ya kai shi. Sai ya yi dariya. Ni ba da wasa nake faɗa ba.

A 2017 Norlia ta ga sanarwa a waya: masu son tsofaffin kwamfutoci za su taru a wani zaure a Petaling Jaya, kusa da Kuala Lumpur, kowa ya zo da injinsa mai aiki. Babban baƙo Datuk Latif, zai ba da labarin yadda ya koya wa inji Jawi. Abang Long ya karanta sau biyu, ya tashi ya goge rigarsa ta salla. Shekararsa saba'in da ɗaya. Muka hau motar safe, gwangwani a cinyarsa, bai yarda an sa shi a wurin kaya ba.

Ban taɓa ganin yayana kamar yadda na gan shi a zauren nan ba. Tebura jere, furfura ko'ina, tsofaffi da ƙananan riguna suna gardama a kan injunan da suka girmi 'ya'yansu. Ko ta ina sai ka ji wannan siririyar ƙara da ƙugin akwatin faifai. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire tabarau ya goge ido. Yana bin tebura yana gaishe da injuna kafin masu su. A can ƙarshe muka samu wani Encik Gopalan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da inji irin namu sak, da akwatin faifai mai rai. Ya karɓi uwa da hannu biyu, ya duba ta a fitila, ya ce bai taɓa ganin faifai mai shekaru haka da tsabta irin wannan ba, ya tambayi sirrin. Suka yi rabin awa a kan shinkafa.

Abang Long ya so a kunna nan take, mu uku, ya gani da idonsa, sannan ya sami Latif a gefe su yi magana. Ni ce na hana. Na ce shekara ashirin da bakwai yana ɓoye mutumin nan, yau kam a gaban kowa za a yi. Wannan laifina ne, kuma ina ɗauke da shi.

Latif ya yi ƙiba, gashin ya tafi, bakin na nan yadda yake. Ya ba da labarin takarda mai gida-gida da fensir, da wahalar juya rubutu zuwa dama. Har ya ce wata tsohuwa ce ta ce masa injin da bai san alif ba jahili ne, zauren ya fashe da dariya. Da aka ce akwai mai tambaya na miƙe. Na faɗi sunana da sunan ubana, na ce wanda ya yi aikin ga shi zaune, tsohuwar kuma uwarmu ce, kuma asalin faifan na kan teburin can, a zo a kunna a ga salsala.

Na zaci zai rikice. Ko a jikinsa. Ya sauko daga dandamali da hannu a buɗe.

“Kak Gayah, ashe ke ce. Har yanzu bakin nan bai mutu ba.” Ya duƙa ya kama hannun Abang Long ya kai goshi. “Cikgu, uwa ce ka zo da ita? A kunna mana. Wallahi ni ma ina marmarin ganinta.”

A nan ya kamata in gane. Mutane suka kewaye teburin Encik Gopalan, wayoyi a sama. Abang Long ya zare faifan daga baƙar rigarsa ta takarda, ya saka ya rufe marfin. Ƙarar ta tashi, akwatin ya yi ƙuginsa, na ji yana bismilla a hankali. Allon ya yi duhu, sannan koren Jawi ya fito daga dama, kyakkyawa, kamar jiya aka rubuta. Layi ɗaya ne. Latif bin Jusoh, 1988.

Mutane suka tafa. Su a ganinsu sun ga kwafi mafi tsufa na aikin Datuk. Latif ya dafa kafaɗar yayana ya gaya musu cewa Cikgu na cikin waɗanda suka fara ƙarfafa masa gwiwa, kuma dubi yadda ya adana masa wannan kwafi shekara da shekaru, irin waɗannan malamai sun yi ƙaranci. Wani ya ce faifan ya dace da gidan tarihi.

Abang Long bai kalli kowa ba sai allon. Ni na san lissafin da yake yi, don ni ma shi nake yi. Tun ranar bankwana ba wanda ya taɓa faifan nan sai shi, salatif ɗin da ya manna na nan. Ba kamfani, ba birni, ba haya. Latif ya shigo gidanmu da nasa faifan a aljihu, wanda ya riga ya goge sunayenmu, ya kwafe shi a sabon, ya miƙa wa yayana ta gaskiyar ya sa mata almakashi da hannunsa. Sannan ya wanke hannu ya zauna cin abinci.

Abang Long ya juyo, muryarsa ƙasa-ƙasa, ni da Latif kawai muka ji.

“Latif, ranar nasi dagang ne?”

Latif ya yi murmushi, idonsa a kan masu ɗaukar hoto.

“Allah ya jiƙan Mak,” ya ce. “Ta iya girki.”

Abin da na faɗa bayan nan ba na rubutawa ba ne. Na kira shi maci amana, na kira shi abin da ya fi haka, na ambaci uwarsa da ba ta yi mini komai ba. Wasu mata biyu suka riƙe ni da ladabi suka fitar da ni, ɗaya na cewa in sha ruwa, Mak Cik, zafi ne. Na ji wani a bayana yana cewa tsufa ba ta da kyau, wani lokaci mutum yakan riƙe abin wani har ya ɗauka nasa ne. Encik Gopalan ya biyo mu har bakin titi da faifan a hannu. Shi kam bai tafa ba, na lura. Ya ce Cikgu ya manta kayansa. Abang Long ya ce ya riƙe, ba nasa ba ne.

Muka hau motar komawa gida. Na yi ta zagi ni kaɗai, ina cewa za mu nemi lauya, za mu je jarida, Norlia za ta sa a waya duniya ta gani. Ya ce da wace shaida. Takardu ruwa ya ci, Tauke Teo ya rasu, Mak ta rasu, waɗanda suka riƙa leƙowa ba su san komai ba sai shan shayi. Shaidar da ya adana da hannunsa ita ce ta tsaya wa Latif.

Juma'ar da ta biyo bai goge kwamfutar ba. Ta gaba ma haka. Na shiga na goge da kaina, ya ce in bari. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, yana zuwa masallaci, yana cin abin da aka ba shi. Ni da na saba da fushi na fi son in gan shi yana fushi, amma shekarun da ya kamata ya yi fushin ya ƙarar da su wajen nema wa Latif uzuri.

Bayan kamar wata biyu, da hantsi, ya fito ya zauna a bencin rumfata, abin da bai saba ba. Ya jira mai saye ta tafi. Ya daɗe yana kallon kaskon.

“Gayah, ke kina nan lokacin, ko?”

Na ce wane lokaci.

“Lokacin aikin. Ina ta tunani. Na san na yi zane, na san kin karanta mini lambobi. Amma juya rubutun zuwa dama, ni ne na yi, ko Latif ne ya nuna mini? Na kasa tunawa sosai. Kada in je ina riƙe da haƙƙin yaro.”

Na sauke kaskon daga wuta don kada in ƙona kaina. Na ce, “Kai ne, Abang Long. Latif bai san ma kana yi ba sai da ka gama. Ina tsaye a taga.”

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki keropok ɗaya ya koma ciki.

Yanzu kusan duk mako sai ya tambaya. Lafiyarsa ƙalau, yana tuna sunayen ɗalibansa na shekara arba'in da suka wuce, yana gyara wa jikokina lissafi da ka. Wannan abu ɗaya ne kawai ya kuɓuce masa. Ina amsa masa kowane lokaci da amsa iri ɗaya, ba na ƙosawa, ni da ba a san ni da haƙuri ba. Jiya ma ya tambaya, na amsa. Ya ce, “To, tunda kin ce.”